Sunayen da Kawu Ya Tafi da Su

Kawu ya rasu wata Talata da safe, ana tsuga ruwa, a gadon asibiti a Kafanchan. Yayan mahaifiyata ne, babba a ɗakinsu, amma a gari ba wanda ke kiransa da komai sai Mai Hoto. Fasto ya tsaya a tsakar gida ya ce wanda ya ba mu aronsa ne ya aiko a karɓa, muka ce amin don ba mu da ta cewa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, malamar makaranta a Sabon Tasha ta Kaduna, kuma ni kaɗai ce a dangi ya koya wa riƙon kyamara. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Sai dai in faɗi gaskiya, ba ni da wani ƙarfin zuciya a kan hakan, domin na ga yadda ake mantawa da mutum, da hannuna ma aka yi.

Kafin tsakar rana an kafa kanofi a ƙofar gida, an jera kujerun roba. 'Yan zumuntar mata ta coci suka zo da zanensu iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙa ƙasa-ƙasa. Hausawan kasuwa suka shimfiɗa tabarma daga gefe, suka yi tasu addu'ar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan kowa da hoto ya zo a aljihu. Wani tsohon mahauci ya warware nasa daga cikin leda ya miƙo mini.

"Kin gan ni nan, lokacin ina da haƙora," ya ce. "Kwana uku yana zuwa teburina yana gaishe ni, ba ya sayen komai. Ni na ɗauka ɗan sandan ciki ne. Sai rana ta huɗu ya ce yana son ya ɗauke ni da wuƙata. Allah ya jiƙan mutumin nan, ba shi da ha'inci."

Mama kuwa kuka take tana faɗa, don haka take makoki tun da na san ta. A gidanmu Hausar manya ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne.

"Ka ga mutum," ta ce da ni, tana share hanci da bakin zane. "Duk mahaukaci na tasha ya ɗauke shi da kyau, kai da ƙafa. Amma hoton aure na, ya yanke kan baban ka."

Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce shekara arba'in da wani abu tana auren mutumin da ya san sunan kowace mai sayar da gauta a kasuwa, amma in ka tambaye shi ajin da 'yarsa take sai ya sosa ƙeya. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja, ya ja ni bayan gida tun ba a sa ranar jana'iza ba. Ya ce mai shagon da Kawu ke haya yana son wurinsa ƙarshen wata, akwatunan ƙarfe huɗun nan da ke cike da hotuna me za a yi da su? Na ce ya bari a binne ubansa tukuna. Ya ce shi dai ya faɗa.

A rana ta biyu wata tsohuwa ta shigo, ba wanda ya san ta sai matar Kawu. Gajera ce, tana dogara sanda, idonta na hagu ya yi fari da yana, na dama ma ya fara. Ta gai da matar Kawu, ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa. Sai da ta sha kunun da aka kawo mata sannan ta tambaya wa ke riƙe da hotuna yanzu. Aka nuna ni.

"Ni na zo ne don hoto na yaro na," ta ce.

Daga wani ƙauye take bayan Gidan Waya. Ɗanta ɗan acaba ne. Makon da ya sayi mashin, Mai Hoto ya tare shi a mararraba ya ɗauke shi, ya ce ya biyo ta shago ya karɓi nasa. Bai samu ya je ba. Mahara suka shiga ƙauyensu, suka kashe shi, suka ƙone gidan da duk abin da ke ciki, har wayarsa. Ya bar matarsa da ciki. Yarinyar da aka haifa yanzu ta yi tsawo, uwarta ta yi wani aure, tana hannun kakar, kuma ta fara tambaya yaya kamannin babanta. Sai watan jiya wani abokin sana'arsa ya tuna ya faɗa wa tsohuwar zancen hoton. Ta zo Kafanchan ta tarar Kawu yana asibiti. Matar Kawu ta kai masa saƙon, da sunan yaron da na ƙauyen.

"Na san shi sarai," in ji Kawu. "Yana nan cikin akwati. Ka ce wa maman shi ya dawo in na fito."

Bai fito ba. Ita kuwa ta dawo, kuma ta ce ba za ta koma wajen yarinyar hannu rabbana ba. Na ce ta zauna a gidanmu har a yi jana'iza, sannan mu buɗe akwatunan. Abin da ban faɗa mata ba a ranar shi ne, a bayan hotunan Kawu babu suna ko ɗaya. Duk a kansa suke.

Shekarar da na gama karatun koyarwa a Gidan Waya na yi zaman jiran aiki a gida, ina cika wa Mama kunne da tsaki. Da ta gaji ta tura ni shagon Kawu, kusa da tashar jirgin ƙasa, wai ko shara in riƙa yi masa. Da safe yakan ɗauki fasfo da hotunan biki, wannan shi ne na tuwo. Ƙarfe uku na yi sai ya rufe ƙofa, ya rataya kyamara, ya ɗauki lema, ya shiga gari. Lemar ba tasa ba ce, ta kyamara ce. In ruwa ya sauko shi ke jiƙewa.

Na dame shi sai ya koya mini. Rannan ya rataya mini wata tsohuwar kyamara mai fim a wuya, ya ce in tafi kasuwa. Na yini ina laɓe-laɓe a bayan buhuna ina danna ta kan duk wanda ya waiwaya gefe. Na dawo ina jin kaina.

"Malama, mutum nawa ka ɗauka?"

"Talatin da shida, Kawu."

"Faɗa mini sunan guda ɗaya."

Ko ɗaya ban sani ba. Ya karɓi kyamarar ya buɗe bayanta a gabana. Ba komai a ciki.

"Ba ka ɗauki kowa ba," ya ce. "Gara da ban ɓata fim ba."

Na ji haushi har na ƙi cin abincin gidansa ranar. Amma washegari na dawo. Mako guda cur ya sa ni bin sa ba tare da na taɓa madanni ba, gaisuwa kawai muke yi. Ya gai da mai faci, ya tambayi ƙafar da ke damunsa. Ya gai da mai nono da Fillanci guntu-guntu har ta yi masa dariya. Ya san wanda ya zo daga Kagoro, wanda kakansa ya zo da aikin jirgi daga kudu ya zauna, wanda 'yarsa ta faɗi jarrabawa. Ni a lokacin gani nake tsoho ne mai son surutu.

Dokokinsa ba a jere ya ba ni su ba, sai in na yi kuskure suke fitowa. Na ɗaga kyamara kan wani mai gyaran takalmi yana zaune ina tsaye, ya danna mini kafaɗa. "Durƙusa. Kai ba sarkin shi ba ne." Ba a ɗaukar mai cin abinci, ba a ɗaukar mai kuka, ba a ɗaukar mai barci. Rana ta kasance a bayan kafaɗarki, amma kada inuwarki ta hau jikin mutum. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya sau biyu a wuce. Kuma yakan ce hoton farko na ƙirji ne, kowa sai ya kumbura ya ƙame kamar soja. Ki ɗauka, ki bar kyamarar a ido, ki jira ya sauke numfashi. Na biyun shi ne mutumin.

Wadda na fara ɗauka da gaske wata mai gasa masara ce a bakin layin dogo. Kwana biyar ina zuwa ina sayen masarar da ba na jin ci, tana ce mini a'a. Ta ce ta ji ana kai hoton talaka ƙasar waje a rataya a bango ana nuna shi da yatsa. Rana ta shida ta ce to, in zo Lahadi bayan sujada, lokacin ta yi ado. Na koma shago ina ƙunƙuni, don ni da hayaƙinta da guntun kwalin da take fifita nake son ta, ba da gwaggwaro ba.

"Je ka ɗauki na Lahadi," Kawu ya ce. "Wannan nashi ne. Ka wanke ka kai masa. In ya ga ka ba shi nashi, zai ba ka naka."

Haka aka yi. Ranar Litinin ta gan ni da kyamara, ta ci gaba da fifita wutarta kamar ba na wurin. Hoton yana bangon ɗakina a Sabon Tasha, kuma har yau in na dube shi sunanta ke fara zuwa mini kafin fuskarta.

Kowane hoto biyu yake wankewa, ɗaya na mai shi, ɗaya na akwati. Aljihun rigarsa kullum a kumbure yake da waɗanda bai kai ba tukuna. Akwai wani mai taɓin hankali da ya yi shekaru yana kwana a tasha, ba wanda ya san inda ya fito. Duk Kirsimeti Kawu sai ya kai shi wajen wanzami, ya ba shi rigarsa ɗaya, ya ɗauke shi. Da mutumin ya mutu, bayan watanni wasu mutum biyu suka zo daga nesa suna cigiyar ƙanensu da ya ɓata. Aka turo su shago. Kawu ya ji bayaninsu, ya buɗe akwati, ya jera musu hoto goma sha ɗaya a kan benci, shekara bayan shekara. Babban ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Kawu ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin abin da ƙanen ke son ci da waƙar da yakan yi.

A shekarun nan da aka riƙa shiga ƙauyuka, shagon ya zama wurin zuwan masu makoki. Wanda gidansa ya ƙone ba shi da hoton da zai sa a takardar jana'iza. Su zo su faɗi suna da ƙauye. Kawu ya rufe ido, leɓensa na motsi, sannan ya nufi akwati na biyu ko na huɗu, ya tura hannu. Ba kullum ake dacewa ba, amma in ya ce akwai, to akwai. Ba wani tsari da ni na iya gani a akwatunan nan. Ba na shekara ba ne, ba na unguwa ba. Ya ce waɗanda ya haɗu da su rana ɗaya suna tare, kuma shi ya san ranakunsa.

Na sha tambayarsa me ya sa ba zai rubuta a baya ba, ya ce hannunsa ba kyau. Ƙarya yake, rubutunsa ya fi nawa. Sai wata rana da muka je Kachia ɗaukar masu citta, ruwa ya tsare mu a wata rumfa, shi da kansa ya ɗauko zancen. Da can yana rubutawa. Har allo yake da shi a ƙofar shago, mai gilashi, yana jera hotunan mako a ciki, ƙarƙashin kowanne suna da unguwa, don mai shi ya gani ya zo ya karɓa. A ɗaya daga cikin rigingimun garin, tun ina jaririya, samari suka fasa gilashin suka kwashe hotunan. Da su suka riƙa bi gida-gida. Cikin waɗanda aka samu har da wani mai gyaran agogo, Bahaushe, wanda suka yi shekaru suna raba inuwa ɗaya da Kawu. An tsinci hoton kusa da gawar, da rubutun Kawu a jiki.

"Su waye, Kawu?"

"Yaran mu ne," ya ce. "Ni na ɗauki baftisma na wasun su. A wancan gefe ma an yi irin shi, amma ba da rubutu na ba."

Da gari ya lafa ya zauna da reza ya kankare sunan da ke bayan kowane hoto a shagon. Tun daga ranar bai ƙara sa alƙalami a jikin hoto ba. Ya ce takarda ba ta san wanda ke karanta ta ba, shi kuwa ya san wanda yake faɗa wa.

Da ya fara jin jiki, shi ya kira ni. Na riga na samu aiki a Kaduna, sai hutu nake zuwa. Ya ce lokaci ya yi da zai zuba mini sunayen. Yadda ya tsara, zai zaro ashirin, ya faɗi sunan kowa da ƙauyensa da abu ɗaya game da shi. Washegari ya gauraya su, ni in maimaita. In na faɗi ɗaya ba daidai ba, mu sake daga farko. Hutu biyu muka yi a haka. Na dubi akwati huɗu, na dubi ɗan tsibin da muka gama, na dubi hannunsa da ya fara rawa. Ni malamar makaranta ce, na san abin da kai ke iya ɗauka a zango ɗaya.

Sai na yi dabara. Na kunna na'urar ɗaukar murya a wayata, na tura ta ƙarƙashin gyale a kan cinya, ina sa wa kowane hoto lamba a zuciyata. Kwana uku ina yi, muna ta sauri, har yana yaba mini. Rana ta huɗu Mama ta kira, wayar ta yi haske ta cikin gyalen, ya ga jan ɗigon nan yana ƙiftawa. Kawu ya san na'ura, ba a yi masa wannan.

"Goge," ya ce.

Na ce ba zan goge ba. Na ce wayata ce, da lambar sirri, ba allon ƙofar shago ba. Ya ce waya ana ƙwacewa a shingen hanya, ana sa mutum ya buɗe da bakin bindiga, ko ban ji ba? Ni kuma bakina ba ya da birki in raina ya ɓaci, Mama ce ta ba ni gado. Na ce masa, "Kawu, mutuwa za ka yi, kuma kanka ba akwatin ƙarfe ba ne. Tsoronka ya fi maka mutanen nan." Bai ɗaga murya ba.

"Na koya maka kada ka ɗauki mutum a ɓoye," ya ce. "Shi ne ka fara da ni."

Na goge a gabansa, na ɗauki jakata na fita. Shekara uku ban ƙara zama a bencin nan ba. Nakan zo Kirsimeti in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi 'yan makaranta. Sau biyu ya aiko Mama ta ce mini akwati yana nan inda na bar shi. Na ce sai an gama jarrabawa. Jarrabawa kuwa ba ta ƙarewa. Abin da na riƙe bai fi suna ɗari biyu ba, cikin dubbai.

Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ina ganin ya yi taurin kai, ya hukunta dubban mutane da mantuwa saboda laifin da ba nasu ba. Amma na kwana uku ina satar muryar tsoho, sannan na yi fushi don ya kama ni, na bar shi da akwatunansa shekara uku. In aka auna, ban san wanda nasa ya fi nauyi ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Ranar Asabar aka binne shi. Hoton da aka sa a takardar jana'iza na katin zaɓe ne, ya fito kamar wanda aka kama da kaza. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya sa waɗanda ya riƙe sunansu su tarye shi, tunda su kam ya san su.

Litinin da safe na buɗe shagon, tsohuwar tana biye da ni. Warin danshi ya tare mu. A akwati na uku ruwa ya shiga ta gindi, hotunan ƙasa sun manne da juna, in ka ɓamɓare ɗaya sai fuskar ta tafi da bayan ɗan'uwansa. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, na fara ware duk wanda ke kan mashin. Ban taɓa sanin Kawu na son 'yan acaba haka ba. Sun fi ɗari, yawancinsu da hula, baki a rufe, hannu a kan kan mashin, ƙirji a kumbure.

Na tambaye ta kamanninsa. Ta ce baƙi ne, dogo kaɗan, yana da kirki. Launin mashin ba ta riƙe ba. Sai ta ɗauki hoto ta kai shi dab da idon dama, ta karkata shi wajen haske, ta daɗe, ta ajiye. Wani ta ajiye shi a gefe daban, can ta mayar da shi cikin sauran. Ranar Talata na nemo abokin sana'ar nan da ya ba ta labari, da wani tsohon ɗan acaba na mararrabar. Ɗaya ya nuna wani ya ce shi ne, ɗayan ya ce wannan ai yana nan da rai, jiya ma ya gan shi a wajen mai faci. Suka yi ta musu har abokin ya ce shi fa shekaru sun yi yawa, kuma sun binne da yawa. Suka sha ruwa suka tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san hoton yana nan. Kawu bai taɓa cewa akwai ba alhali babu. Ko yana cikin waɗanda suka manne, ko kuwa ya bi ta hannuna da nata sau biyu ko uku, muka dube shi muka ajiye.

Ranar Laraba da la'asar babban ɗan Kawu ya leƙo ya ce mota za ta zo Jumma'a, a kai akwatunan ɗakin ajiyar Mama, wanda shi ma yoyo yake. Bayan ya fita tsohuwar ta tsaya a kan hoto ɗaya. Wani saurayi ne a kan mashin, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya karkata kai yana shirin dariya. Irin na biyun nan ne, bayan an sauke numfashi. Ta shafa shi da babban yatsa. Ba ta ajiye ba.

Nan take na gane shi, domin wannan yana cikin ɗari biyuna. Na san sunansa, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Ɗan wani mai sayen citta ne a Kachia, Musulmi, kuma abu ɗayan da Kawu ya ba ni game da shi shi ne yana ɗaukar buhu uku a mashin ba ya faɗuwa. Ban san ko yana raye ba. Na yi tunanin in yi shiru, amma na kasa.

"Kaka, wannan ba shi ba ne. Na san wannan. Mutumin Kachia ne."

Ba ta ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Ido na ya mutu, amma na san ba shi ba ne. Tun jiya na gane ko ya zo hannu na ba zan san shi ba. Fuskan shi ya tafi mini tuntuni, 'ya na. Ina rufe ido, sai bayan shi nake gani yana fita da mashin." Ta sake shafa hoton. "Amma haka yake ajiye ƙafa. Haka yake yi da kai in zai yi dariya. Yarinya bai taɓa ganin shi ba. Na ce masa zan kawo baban shi."

Na ce ta ba ni lokaci, zan kwashe hotunan in kai ƙauyensu, in bi tsofaffi ɗaya-ɗaya. Ta ce waɗanne tsofaffi? Rabin ƙauyen suna Kaduna da Abuja suna gadi, rabin suna ƙasa. Ta ce ita ma ba ta da wata daminar da za ta jira. Gaskiya ta faɗa, kuma ni ma na san ba zuwa zan yi ba, makaranta za a koma Litinin.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani guntun biro, da alama tun daga gida ta taho da shi. Ta miƙo mini tare da hoton.

"Kai malama ne. Rubuta sunan shi a baya, yarinya ya iya karatu."

Na juya hoton. Bayansa fari tas, yadda Kawu ya bar shi. Na tuna mutumin Kachia, da uwarsa in tana da rai, da cewa wannan ne na akwati, babu wani. Tsohuwar ta faɗi sunan ɗanta a hankali, sau biyu, don kada in yi kuskure. Na rubuta.

Ta karɓa ta kai rubutun dab da idonta, ko da yake ba karatu ta iya ba.

"Ya yi daidai?"

"Ya yi daidai, Kaka," na ce.